Waya Ɗaya a Rumfar Caji

Ni mutum ne da in na ce an yi ruwa a Funtuwa, sai an leƙa waje an taɓa ƙasa kafin a yarda. Abokai sun saba, ni ma na saba. Amma labarin nan ban ƙara masa ko gishiri ba.

A wata ƙungiyar manoma na yi aiki, ina kula da shafinta na intanet. Teburina na jikin na wani dattijo da duk muke kira Malam. Aikinsa zagaya kasuwanni a babur, Dayi, Kafur, Mahuta, ya ji yadda masara da dawa da waken soya suka kwana, ya dawo ya rubuta da Hausa a shafin farashi. Babur ɗin nan kuwa, tun yana Malumfashi muke jin tarinsa, mu ɗora masa ruwan shayi.

Akwai manhajar da ke ƙirga masu shiga shafi. Duk wata shugabanmu, Alhaji, yana dubawa, shafin Malam ne kullum a sama.

Sai aka ba wasu samari na Kaduna aikin sabunta shafin. Yara ne masu ladabi, sun kuma iya aiki. Suka cire tsohuwar manhajar ƙidaya suka sa sabuwa. Tsohuwar duk buɗewa ɗaya take ƙirgawa. Sabuwar kuma waya take ƙirgawa, ko an wuni ana buɗe shafi da ita, mutum ɗaya ne a wurinta. Su ba su ga dalilin faɗa mana ba, mu ba mu san akwai abin tambaya ba.

To a Dayi, manomi ba ya ɓata datarsa a kan farashi. Rumfar mai cajin waya yake zuwa, ya ce a duba masa masara. Mai rumfa ya buɗe, ya karanta masa, wani ya zo ya sake buɗewa. Haka a Kafur, haka a Mahuta. Kasuwa guda, waya guda.

Da wata ya ƙare, shafin Malam ya faɗo kamar buhun da aka yanke wa gindi. Alhaji ya kira taro, ya ce masu ba mu tallafi ba za su ci gaba da zuba wa babur mai ba a kan shafin da ba a karantawa.

Na miƙe na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, wayar nan ɗaya da kake gani a ƙidaya, rabin mutanen Dayi ne a cikinta."

Aka yi dariya. Alhaji ya ce, "Zauna, sarkin ƙari. Ba kai ka ce ka ga doyar da aka ɗauko a tirela ita kaɗai ba?"

Na ce, "Wannan daban, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Duk naka daban ne."

Malam ya kama gefen rigata ya ja ni ƙasa. A hankali ya ce, "Bar shi. Wataƙila mutane sun gaji da ni ne." Abin da ya fi cina ke nan, ya yarda da na'urar.

Aka rufe shafin Malam. Ya ajiye makullin babur a teburin Alhaji, ya bi kowa ya nemi gafara, ya koma gonarsa a Kafur.

Bayan kaka, ɗaya daga cikin samarin ya zo gyaran wani abu, na ja shi har rumfar cajin nan ta Dayi. Ya tsaya yana kallon masu zuwa tambayar farashi ana ce musu babu. Ya dafe kai. Ya koma ya gyara ƙidayar, ya rubuta wa Alhaji bayani mai kyau. Alhaji ya ce Allah ya kiyaye gaba. Babur dai an riga an sayar, tallafin kuma an juya shi wani wajen.

Har yanzu ranar kasuwa Malam yakan hau motar haya ya je ya zagaya rumfunan hatsi. Da la'asar sai ya kira ni.

"Masara ta ɗan ɗaga yau," in ji shi. "Dawa tana nan."

In ce, "To Malam, na ji."

Sai ya ƙi ajiye wayar, kamar yana jira in ce zan sa farashin a wani wuri. Daga nan ya tambayi iyali, mu yi sallama.