Jan Ƙyalle a Hannun Tarakta: Tafiyata Zuwa Tungar Nomau

Talata: Dogon Dutsi zuwa Kore Mairuwa

Ƙarfe shida saura kwata, muna idar da sallar asuba, muka fito daga gidana da ke bayan kasuwar Dogon Dutsi, ni da taubashina Tankari. Shi ne a sitiyari, domin idona ba ya ganin hanya sosai kafin rana ta fito. Motar tsohuwar kamiyo ce, wato motar ɗaukar kaya, ƙirar Faransa, ta girmi 'ya'yana duka. Shekara huɗu na yi ina tada ta, Tankari kuma ya sa mata suna Kaka. Tun da na bar kanikancin neman abinci, wannan ne aikina: in tsinto tsohon inji a wurin masu ƙarafa, in yi ta fama da shi har ya yi magana.

A bayan Kaka mun ɗaure wata ƙaramar tarakta ta lambu, mai ƙafa biyu, irin wadda mutum ke bin ta a ƙasa yana riƙe da hannuwanta. Na tsiyaye baƙin man da ke cikinta don kada ya zube a hanya, na ɗaura mata jan ƙyalle a hannun hagu. Haka maigidana ya koya mana tun muna yara a garaji: injin da babu mai a cikinsa, a ɗaura masa jan ƙyalle, kowa ya gani ya san ba a tada shi.

Gara in faɗi abin da ya fitar da ni tun yanzu. Shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce ina kanikanci a wani gandun lambu a gefen gari. Mai tuƙa wannan tarakta shi ne Nomau, Kirista, wanda a cocinsu suke kira Bulus. Wata Juma'a da yamma na tsiyaye mata baƙin mai, sai na ji gangar kokawa daga fili, na tafi kallo ban ɗaura ƙyalle ba. Da sassafe Nomau ya zo ya tada ta. Bayan minti goma sha biyar injin ya ƙone. Da ya ruga kiran shugaban gandu, ni na riga su isa wurin, na ɗaura ƙyallen can ƙasa kusa da birki. Aka kori Nomau, aka bar ni. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har Tankari. Shekara uku da suka wuce na ga gawar taraktar a tsibin ƙarafa, na gane ta da waldar da na yi mata a hannun dama. Na gyara ta, kuma a bana na ji Nomau ya yi ciwo mai tsanani ya tashi. Na ce in ban je yanzu ba, ƙila ba zan same shi ba.

A mafitar gari jandarmomi suka tsayar da mu. Na miƙa takardun mota duka, har da na inshora da na binciken lafiyarta. Wani mai igiya biyu ya duba shekarar motar ya sake dubawa.

"Baba, wagga mota da ƙafarta ta zo nan ko turo ta kuka yi?"

Tankari ya ce ai motar lafiyarta lau, mai motar ne ake turawa. Suka yi dariya, suka ɗauki hotonta da waya, muka wuce.

Kaka ba ta son a wuce kilomita talatin a awa. Sau biyu muka tsaya muka ƙara mata ruwa, sau ɗaya kuma na hau baya na ƙara ɗaure igiya. Kusan kilomita arba'in ne zuwa Kore Mairuwa, muka isa takwas da minti goma. Muka ci ƙosai da koko a bakin tasha, ɗari biyar mu biyu. Tankari ya tambaye ni dalilin da zai sa mutum ya yi shekara uku yana gyaran abu sannan ya kyautar. Na ce tsohuwar abota ce. Ya ce shi ma ai tsohon aboki ne, ko taya ban taɓa ba shi ba.

Kore Mairuwa zuwa Tibiri

Tara daidai muka bar babbar hanya muka karkata kudu. Ba mu yi kilomita shida ba sai na ji ƙaurin roba, allurar awon zafin inji ta tashi. Bel ɗin fanka ya tsinke. Laifina ne, na ga ya tsattsage tun a gida na ce zai kai.

Tankari ya zauna a inuwar gawo da motar, ni kuma na hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya, na koma Kore Mairuwa. Masu kayan mota uku na zagaya, duk suka ce irin wannan ba a yin sa kuma. Sai wani mai injin niƙa ya ji muna magana, ya kai ni rumfarsa ya ciro wani tsohon bel daga ƙusa. Ya fi namu tsawo da yatsa biyu. Na koma na sassauta dinamo, na tura shi har ƙarshen ramin, bel ya kama. Wannan aiki ya cinye mana yini. Sai uku da rabi muka tashi, muka shiga Tibiri biyar saura kwata. Daga Kore Mairuwa kilomita ashirin ne da 'yan kai.

Muka sauka gidan Alhaji Gado mai hatsi, wanda Tankari ya yi wa direba shekarun baya. Ya ba mu ɗakin zaure, aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu. Kafin magariba muna zaune a teburin mai shayi na ƙofar gidan, na tambayi hanyar tungar Nomau.

"Wane Nomau? Ƙona-Inji?" in ji Alhaji.

Duk teburin aka yi dariya. Alhaji ya ce kowa ya san shi, mutumin kirki ne, albasarsa ta fi ta kowa, amma ko rediyo ba a ba shi ya riƙe. Ya ce har jikokinsa da sunan ake tsokanarsu a lakwal, wato makaranta. Tankari ya fi kowa dariya, ya ce ai shi ya laƙaba masa sunan a Dogon Dutsi, bai san ya biyo shi har nan ba. Ni dai na ajiye kofin shayin. A da na ɗauka aiki kawai na raba Nomau da shi.

Laraba: Tibiri zuwa tunga

Bayan sallar asuba na ce wa Tankari mu sauke taraktar a gidan Alhaji, a aika wa Nomau ya turo a ɗauka, mu koma gida. Ya tambayi dalili. A nan, muna tsaye jikin mota, na gaya masa kome. Sannan ya ce in haka ne ni na sa bakinsa ya yi zalunci shekara arba'in bai sani ba.

"Makulli na aljihuna, Arzika. In za ka hau, hau. In ba ka hau ba, ni zan kai, kuma ni zan faɗa."

Na hau. Bakwai da rabi muka tashi. Kilomita bakwai ne, amma rairayi ne har cikin fadama, sai da muka rage wa tayoyin baya iska. Muka wuce gonakin rake da rogo, muka isa takwas da kwata. Gida tara ne a tungar.

Marta matar Nomau ce ta fara fitowa. Ta gane ni kafin in yi magana, ta ce ashe Malam Arzika yana nan da rai. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo fura. Nomau ya fito da sanda. Ya rame, amma tsawonsa na nan. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Dogon Dutsi ɗaya bayan ɗaya, rabinsu na ce masa sun rasu.

Muka jingina katako biyu, da taimakon 'ya'yansa maza muka sauko da taraktar. Nomau ya zagaya ta sau biyu. Ya shafa waldar hannun dama da babban yatsa. Sannan ya nuna hannun hagu da sandarsa.

"Wannan karon na gan shi. Babu mai a ciki."

Ya yi 'yar dariya. Ya ce mini har yau yana mamakin yadda mutum zai riƙe abu minti goma sha biyar da jan ƙyalle a jiki bai gani ba. Ya ce har asibitin ido ya je a lokacin, aka ce idonsa lafiya lau, sai ya gane ba ido ba ne, shi ne ba shi da hankalin inji. Tun daga ranar bai sake taɓa inji ba. 'Ya'yansa sun sayi injin ban-ruwa, in ana tada shi yakan koma can gefe ya tsaya.

Na ce, "Nomau, ba ka gan shi ba domin babu shi. Ni na mance ban ɗaura ba, na tafi kallon kokawa. Da ka ruga kiran shugaba na ɗaura shi."

Marta ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, tana da ciki wata bakwai ranar da suka bar Dogon Dutsi a amalanken jaki, kuma ni na taya su ɗaura kaya. Gaskiya ta faɗa, na taya su.

Nomau ya juya ya bi hanyar lambu. Babban ɗansa, Yusufu, wanda shi ne cikin da ake magana, ya tsaya yana kallona har na sunkuyar da kai. Muka zauna a tabarma daga tara har sha ɗaya da rabi. Ba a kore mu ba, ba a kuma yi mana magana ba. Tankari bai yi barkwanci ko ɗaya ba, abin da ban taɓa gani ba.

Da Nomau ya dawo, ƙafafunsa duk laka, ya sa Yusufu ya kira mutanen tunga, maza da mata, har jikokin da suka taso daga lakwal. Ya ce in maimaita abin da na faɗa, da ƙarfi, domin akwai masu nauyin kunne. Na tashi tsaye na maimaita. Tankari ma ya tashi ya ce sunan nan daga bakinsa ya fito, ya janye shi.

Sai Nomau ya tambaya ina man. Na ɗauko galan daga gaban mota zan zuba, ya ce in ba shi. Ya zuba da kansa, bai zubar da ko ɗigo ba. Ya zaro sandar awo ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya duba ta a rana. Ya kwance jan ƙyallen da kansa. Ƙarfin murza ƙarfen tayarwa ne ba shi da shi, Yusufu ya murza, a karo na uku ta kama. Nomau ya ba Marta sandarsa, ya riƙe hannuwan taraktar, ya bi ta kunya ɗaya a fadamar bayan gida, taku wajen ashirin. Kunyar ta fito a miƙe. Ya kashe injin ya zauna a kan kunyar yana haki.

Azahar ta yi, Marta ta aiko mana da buta da tabarma mai tsabta, ta nuna mana gabas. Bayan mun idar na roƙi Nomau ya yafe mini. Ya ce yau ya ji maganar, ba zai ba ni amsa yau ba, shi ma yana so ya riƙe tasa maganar na ɗan lokaci. Ya ce akwai abu biyu. Na farko, in tsaya a Tibiri in faɗa a teburin da ake kiran sa da wancan suna, in faɗa kuma a Dogon Dutsi. Na biyu, in ta yi awa hamsin tana aiki zai aiko, in zo in juye mata mai.

Ya miƙo mini ƙyallen.

"Riƙe. Naka ne. Ranar ka zo da shi."

Komawa

Biyu da rabi muka tashi. Marta ta sa mana albasa rabin buhu a baya, ba ta ce mini sai wata rana ba, Tankari ta ce wa. Uku da kwata muna Tibiri. Na tsaya a teburin mai shayi, Alhaji Gado da mutum bakwai suna zaune, na faɗa musu. Wani ya fara dariya yana tsammanin wasa ne, da ya ga fuskata ya daina. Alhaji ya ce to yanzu me za su kira shi. Tankari ya ce sunansa Nomau.

Huɗu daidai muka bar Tibiri. Da yake babu kaya, Kaka ta yi sauri kaɗan, bel ɗin mai niƙa bai ba mu matsala ba. Mun tsaya a Kore Mairuwa mun ba mai niƙan albasa. Jandarmomin jiya ne a mashigar gari, suka tambaya ina ƙaramar taraktar, na ce na mai da ita wurin mai ita. Bakwai saura minti ashirin, ana kiran magariba, muka shiga gida.

Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma na rubuta wannan da hannuna domin a karanta wa 'ya'yana da duk wanda ya san gandun nan ko ya taɓa jin wancan suna. Nomau bai ƙona inji ba. Ni, Arzika, na ƙona shi.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ya kuma sa na iske Nomau da rai. Na gode wa mai niƙa na Kore Mairuwa, da Alhaji Gado, da Marta saboda fura da buta, da Tankari da ya hana ni makulli. Ƙyallen yana ɗaure a madubin Kaka, galan ɗin mai na ƙarƙashin kujera. Ina jiran aike.