Ɗigon da Goggo Ta Goge

Duk lokacin da na ji warin jiƙaƙƙiyar toka, sai in tuna da barandar gidanmu a Mayo Gwoi, da madubin hangen taurarin Kakana.

Kaka tsohon malamin sakandare ne. Madubin nasa wani dogon bututu ne, da babban madubi a gindinsa, ƙarami kuma a karkace kusa da baki. Ko ɗan gwara shi aka yi, saiti ya tafi, tauraro ya fito da jela. Don haka da la'asar yakan juya bututun ya fuskanci farin bango, ya sa murfin roba da ya huda da allura a wurin leƙawa. A tsakiyar babban madubin akwai ɗan baƙin ɗigo da ya manna da hannunsa. Ni nake leƙawa, shi yana tsugune a baya yana murɗa noti a hankali, har ɗigon ya zauna daidai tsakiyar haske.

"Amaryata, ya shiga?"

"Saura kaɗan, tsoho. Ka wuce! Koma."

Ni nake leƙawa domin idonsa ya soma dushewa, likita kuma ya ce ba mai dawowa ba ne. Burinsa ɗaya: ya sake ganin tauraron nan mai zobe kafin duhu ya rufe shi. Damina ta hana, gajimare kullum. Muka jira ruwan ƙarshe ya wuce, sai kuma hazo ya rufe sama.

Sai sharar Kirsimeti ta zo. Muna coci wajen koyon waƙa, Goggo, ƙanwar mahaifina, ta kwance babban madubin, ta kai shi bakin rijiya tare da tukwane. Ta dirje shi da toka da soso. Muka dawo ta tare mu da fara'a.

"Baba, dubi yadda na wanke maka shi. Har baƙin dattin nan na tsakiya ya fita, da ƙyar!"

Ba ɗigon kaɗai ya fita ba. Siririn rufin azurfar da ke kama haske ya bi ruwa, saura gilashi mai zane-zane. Kaka ya shafa shi da yatsa, ya daɗe. Sai ya ce, "Sannu da aiki, 'yata."

Sama ta washe a makon nan, tas, kamar da gayya. Kafin girbin baɗi idonsa ya rufe.

Sai da na je jami'a na ji ashe ana sake yi wa irin wannan madubi rufi. Ba wanda ya sani a gidanmu, ba kuma wanda ya tambaya.

Yau Jalingo ta cika da fitilun sola, yaran gidanmu a waya suke kallon taurari. Labarin kuwa ya zama abin nishaɗin Kirsimeti: ranar da Goggo ta wanke sama. Ana ci ana ƙyalƙyalawa, har da ita. Ni dai har yanzu ban iya wannan dariyar ba.