Daɓen Baƙin Yashi

Da baƙin yashi na yi daɓen ɗakina a Azare, daga baya aka ce yashin yana cutarwa.

Wani direban tifa ne ya sauke mini shi, ragowar wankin kuza daga can kudu. Daɓen ya yi ƙarfi, gara ba ta hudawa. A kansa muke kwana ni da matata.

Bayan wasu shekaru ma'aikata biyu suka zo, suna bin gidajen da tifar ta shiga. Namijin yana riƙe da na'ura kamar rediyo. Macen ce mai jin Hausa. Da ya kai na'urar kusa da daɓe, sai ta hau ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa.

Macen ta ce, "Baba, yashin nan yana fitar da wani zafi da ido ba ya gani. A hankali yake ratsa jiki."

Na ce, "Ku me za ku samu?"

"Ba komai."

Ban taɓa ganin ma'aikaci ya sha rana a banza ba. Maƙwabcina ya ja ni gefe ya ce, "Kai dai ba ka da wayo. Arziki kake kwance a kai, kwashewa za su yi."

Ba su ce za su kwashe ba. Bulo suka nema. Namijin ya ɗora ɗaya a ƙasa, ya sa na'urar a kai, kukan ya ragu. Ya ƙara wani, ya sake raguwa. Na ce yatsansa nake zargi, ya ba ni na'urar in riƙe. Na ture bulon da ƙafa, ta ɗauki kuka a hannuna.

Suka tambaya a gado muke kwana ko a ƙasa. Matata daga bayan labule ta ce, "Ji su, wai gado! Tabarma dai."

Namijin ya yi lissafinsa, macen ta buɗe yatsunta. "A zuba kankare taƙi ɗaya, zai tare yawancinsa."

"Taƙin wa? Naki ko nawa?"

Ta yi dariya. "Naka, Baba."

In nawa ne, me ya sa ta nuna nata? Na zuba nawa, na ɗora nata a kai. Ƙofa ta gajarce, sai da sunkuyo ake shiga.

Sun ce za su dawo su sake aunawa. Ba su dawo ba. Matata ta rasu bayan haka, ciwon ƙirji. Ban ce yashin ne ba, ban ce ba shi ba ne.

Yanzu ina Katagum wurin ɗana, kusa da kogi. Ɗakin yana kulle. An nemi haya, na hana.