Ƙyallen Saloma ya je Manga

A unguwar da ke bayan tsohuwar kasuwar Zuru, idan ka tambayi gidan Saloma, za a nuna maka shagon tela ne tukuna, don can ta fi zama da hantsi, tana tsintar guntayen yadin da almakashi ya zubar. Teloli sun saba da ita har suna ware mata boyel da farar shadda a leda.

Matar soja ce. Mijinta, Kofur Aaron, ya yi ritaya ya dawo gida yana noman dawa. Lokacin da suke bariki a Jos, ta yi aikin wanki a gidan wata 'yar Koriya, matar wani ɗan mishan, kuma a hannunta ta koyi wani ɗinki da ake kira bojagi. Guntayen yadi ake haɗawa da allura, a kalmashe bakin kowane a cikin na ɗan'uwansa, har ƙyallen ya fito ba ciki ba baya. A ƙasarsu, in ji matar, da shi ake naɗe kyauta, wai wanda ya ƙulla maka kaya a ciki ya ƙulla maka har da albarka.

Saloma ta dawo Zuru da wannan ilimi kamar mai ɗauke da ƙwai a tafin hannu. Abin da ya dame ta shi ne idonta. Daga wajen shekarar 2004 ramin allura ya fara yi mata wasan ɓuya, ga shi ba ta bar sana'ar a hannun kowa ba.

Ba wai ba ta gwada ba. Ta buɗe aji a zumuntar mata ta cocinsu, mata suka cika benci. Sai dai ita ba ɗinkin kaɗai take koyarwa ba, har da ladabinsa: a zauna a ƙasa, a yi shiru, in za a miƙa abu a miƙa da hannu biyu. Wata dattijuwa, Hannah, ta ce ita tun tana yarinya aka hana ta miƙa wa mutum abu da hagu, ba kuma za ta fara da furfura ba. Shirun ma bai samu karɓuwa ba, don matan Zuru ba su ga amfanin taron da ba a hira a cikinsa ba. Da suka gane cewa ƙyalle ɗaya sai ya ci watanni, alhali keke zai gama shi kafin tuwo ya nuna, sai aji ya riƙa raguwa kamar ruwan rafi da rani.

Maƙwabciyarta Maijidda, mai ƙuli-ƙuli, ba ta taɓa raga mata ba.

"Maman Rachel, mutane na gudun faci, ke kina neman shi da kuɗin mota. Mi Koriyan nan suka ba ki kika sha?"

"Ke dai soya ƙulinki," in ji Saloma. "Ba a nuna wa makaho bakan gizo."

"Awo, to wa ag makahon tsakaninmu? Jiya wa ya zura miki zare?"

Da auren 'yarta Rachel ya tashi da wani malamin firamare ɗan garin Manga, Saloma ta ɗinka ƙyalle mafi kyau da ta taɓa yi, fari sol, na boyel zalla, ɗinkin siriri kamar sawun tururuwa. Ta naɗe atamfa da sabulu a ciki, ta kai wa uwar ango, Leah. Leah ta kwance, ta yaba atamfar, ta shinshina sabulun, ta tura ƙyallen gefe. Saloma ta so ta yi bayani, amma 'yan guɗa suka shigo.

Bayan an girbe dawa ta hau mashin ta je ganin ɗakin amarya. Tana shiga gidan ta tarar da Leah a sunkuye bisa baho, hannu dumu-dumu da gasara, tana matse ƙullun koko a cikin wani farin ƙyalle da ya rine ya koma ruwan ƙasa. Saloma ba ta gani sosai, amma uwa ba ta kasa gane ɗanta.

"Sannu da zuwa, surukata!" in ji Leah. "Kin ganni da abin tatar da kika kawo. Allah ya yi miki albarka. Wanda nake saya a kasuwa, sati biyu ya yage. Wannan kuwa kullum ina murɗa shi, ko zare ɗaya bai motsa ba. Ga shi ba ya riƙe dusa a bakin ɗinki, ko ta wane gefe ka juya shi."

Saloma ta nemi kujera ta zauna. Rachel, da ta san abin da ƙyallen ya ci wa uwarta, ta shige ɗaki neman ruwan da ba wanda ya tambaya.

"Matan garin nan sun dame ni da aro," Leah ta ci gaba. "Na ce musu ni ban iya ba, sai dai mu roƙi mai shi. Mu bakwai ne, har da matar limami. Za ki koya mana?"

Saloma ta karɓi ƙyallen, ta matse, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Gaskiya ne, bai saki ba ko ɗaya.

"Da hannu ake yi," ta ce. "Ba keke."

"Ina muka ga keke a nan?"

"Yana cin lokaci."

"Rani ne. Me muke yi?"

Tun daga nan, duk ranar Talata sai ta hau mashin da ledar guntayen boyel a cinya. Matan Manga suna ɗinki suna surutu, ita kuma ta daina hanawa, sai dai in kalmasa ta karkace ta sa a warware. Wata matashiyar mata a cikinsu har ta fara haɗa launi biyu ba tare da an ce mata ba.

Da Maijidda ta tambaye ta ko ta faɗa musu cewa abin na naɗe kyauta ne, ba na tatar koko ba, sai Saloma ta ce, "Zan faɗa musu. Bari hannunsu ya faɗa tukuna."