Saƙon da bai je wa kawu ba

Ni na cire saƙon ƙaramar waya daga manhajar, da hannuna, har ina yabon kaina ranar.

Manhajar ta kowa ce, a buɗe take, wanda ya iya sai ya sa hannu ya gyara. Ni da nake koyar da lissafi a Filingue aka bar wa ɓangaren sanarwa. Babban amfaninta a ƙasar Kurfey shi ne faɗin ranar sakin gonaki, ranar da ake ba makiyaya izinin shigar da shanu su ci kara. Mai babbar waya yana gani a allo, mai ƙarama kuwa saƙo ke zo masa tun saura mako.

Saƙon nan ya ishe ni. Tsohon aiki ne, kullum a lalace, in gyara nan can ya ɓalle. Na ce a kashe shi kowa ya huta. Abokan aikina na Yamai suka ce a bi a hankali yadda aka saba, a fara da gargaɗi, a jira, sannan a cire. To, na bi. Damina guda cur gargaɗin yana fitowa da jan rubutu, Faransanci da Hausa. Sai dai a allon babbar waya yake fitowa. Masu ƙaramar ba su taɓa ganinsa ba, ni kuwa jakin da nake ban lura ba.

Kawuna yana noma a wata tunga kan hanyar Bonkuku, ƙaramar waya gare shi. Ya bar dammunan hatsinsa da wake a gona suna shan iska, yana jiran saƙo kafin ya kwashe.

Ran sakin na tafi da safe a moto, wato babur, in gaishe shi. Na tarar da shanu sun cika gonar suna yagar dammuna, kawu yana tsakiyarsu da hauya. Ya sari wata saniya a gwiwa, ta durƙushe tana kuka. Makiyayin kuwa maƙwabcinsa ne, shekaru suna musayar nono da hatsi. Ya rugo yana ihun yau ne ranar, kawu yana cewa ƙarya yake, ba a yi sanarwa ba. Kawu ya maka masa ƙotar hauya a goshi, jini ya rufe masa ido. Shi kuma ya zaro adda ya kai sara a makance. Na ji ƙarar ƙashi. Yatsu uku na hannun daman kawu suka faɗi cikin ƙasa, na tsince su na ƙulle a rawaninsa.

A gidan likita, bayan an ɗinke su duka biyu, kawu ya miƙo mini wayar da hagu, ya ce in duba, ta lalace ne ta janyo masa wannan. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na ce lafiyarta lau, ni na cire saƙon, amma sai da na yi gargaɗi damina guda.

Kawu ya dube ni ya ce:

"Ɗana, wa ka yi ma gargaɗin?"

A makon nan na mayar da saƙon, ban nemi shawarar kowa ba. Har yau yana zuwa wayarsa duk kaka, tun saura mako. Kawu ya daina noma, hannun ba ya riƙe hauya.