Lambobin Wayar da Suka Fi Ƙarfin Kwamfutarmu

Har yau ban manta da ranar Talatar da lambobin waya suka kusa kore ni daga aiki ba. Watana uku ke nan a ofishin ƙungiyar manoman riɗi a Gumel. Ni da kaina na koyi rubuta manhaja a waya, sai sakatarenmu, Malam Habu, ya ce in haɗa masa rajistar mambobi. Damina ta ƙarato, ana so a kira kowa ya zo ya karɓi iri.

Na rubuta manhajar da yaren kwamfuta mai suna C a tsohuwar kwamfutar ofis. Da na buga jerin, wallahi kaina ya ɗaure. Lambobin 'yan Gagarawa da Sule Tankarkar duk sun lalace, wasu har da alamar ɗebewa a gaba. Amma na wasu 'yan Maigatari lafiya lau!

Malam Habu ya leƙo. "Kai Nura, injin naka ɗan Maigatari ne? Jibi fa motar iri za ta iso. In ba ka iyawa, in kira mai shagon buga takardu."

"Yallaɓai, ba ni zuwa la'asar."

Na sake shigar da su, haka dai suka fito. Na zargi madannan kwamfutar, na zargi wuta. Can na lura masu kyan duk layin Nijar ne, lamba takwas kawai. Namu kuwa, ko an cire sifilin farko, goma ne. Ashe ma'ajin da na zuba su, long, adadin da bai wuce biliyan biyu da ɗoriya ba yake ɗauka, in an wuce sai ya birkice. Na yi murna, na rubuta long long, babban wansa. Sai kompaila, wato mai juya rubutuna zuwa abin da inji ke ganewa, ya ce bai san shi ba. Ya tsufa. Sabo kuma kwamfutar ba ta ɗauka.

Ina zane a takarda yadda zan raba kowace lamba gida biyu, Hajiya Ladi mai tafireta ta tambaye ni me ya faru. Na yi mata bayani, ni kaina ban gane abin da nake faɗa ba.

Ta ce, "Ɗan nan, ka taɓa ganin an tara lambar wani da ta wani? Ni yadda nake buga suna haka nake buga ta."

Ashe gaskiyarta ce, lambar waya kira ake yi da ita, ba lissafi ba. Na mayar da su rubutu, kamar suna. Duk suka fito, har da sifilinsu. Kafin la'asar Malam Habu ya fara kira.

Tun ranar, kafin in nemi babban ma'aji, sai na tambayi mutanen ofis me suke yi da abin da zan zuba a cikinsa.