Takardar Awon Hawaye

A ɗakin gwajin ido na wani asibiti a birnin Multan na ƙasar Pakistan, wata mata tana zaune ƙyam, farin mayafi a ka, siririyar takarda na reto a ƙasan kowane idonta. An ce ta rufe ido minti biyar, a ga iya inda hawaye zai jiƙa. Yatsunta masu kantar allura sai murɗa bakin mayafin suke yi. Leɓɓanta na motsi, wataƙila sunan wani take kira.

Nas ta zare takardun, ta duba.

"Khala Shagufta," ta ce, wato Inna Shagufta, "ko layi na uku bai kai ba. Idonki a bushe yake ƙamas. Za ki riƙa ɗiga magani. In bai yi ba, likita ya toshe hanyar da hawayen ke zurarewa."

"Ashe ciwo ne?"

"Ciwo ne mana."

Nas ta nufi kwandon shara, matar ta cafke hannunta.

"Kar ki yar, 'yata, ba ni. Tun ranar jana'izar mijina danginsa ke cewa ko ɗigo ban zubar masa ba. Jibi sadakar arba'in. Su gani da nasu idon."